Na karanta musu labarin Sallau

Gangara, daren Laraba

Wata huɗu ina rubuta labarin Sallau, yaron da ke kiran ruwan sama da busar sarewa, mutanen garinsu kuwa na gudunsa suna ce masa maye. Don Hadiza na rubuta shi, ɗalibata da ba mai yarda ya zauna kusa da ita saboda ana cewa kakarta mayya ce. Na ɗauka in yaran suka so Sallau, ita ma za su sassauta mata.

Yau na karanta musu a aji. Sun yi tsit har wurin da mata ke janye 'ya'yansu in Sallau ya zo rijiya. Sai wani ɗalibi, Iliya, ya nuna Hadiza da yatsa, ya kira ni yadda suke kiran malami a nan, ya ce, "Mushe, ai labarin Hadiza ne!" Aji ya fashe da dariya. Ba ta yi kuka ba, ta ɗauki allonta ta fita. Na tsaya da kaye, littafin da na rubuta labarin a ciki, a hannu, na kasa ko kiran sunanta.

Da la'asar na je gidansu. Kakar ta tare ni a ƙofa ta ce, "Malam, shekara biyu muna lallaɓawa don mutane su manta. Yau ka tuna musu." Ta ce Hadiza ta gama lakol ke nan, ba za ta sake zuwa makaranta ba.

Ina ba da haƙuri sai Hadiza ta leƙo. "Mushe, a ƙarshe ya bar garin ko ya zauna?"

Na ce ban rubuta ƙarshen ba tukuna.

Ta ce, "Ka bar shi ya tafi. Zai fi samun sauƙi."

Shekararta tara, ya Allah. Har yanzu na kasa taɓa tuwo.