Irin kuɓewar da ya bari

Auta,

Na fita kina barci, mai mota ba ya jiran tsoho. Sai jibi in Allah ya yarda.

Jiya kin dawo daga makaranta kin tarar na buɗe kwalbar irin kuɓewar da marigayi mijinki ya bari, na shuka a bayan ɗaki. Kika shige ɗaki, abinci ma ba ki taɓa ba. Da faɗa kika yi mini da ya fi sauƙi. Ban kyauta ba da ban tambaye ki ba. Ki yafe mini.

Na san kin ce sai an ba ku dogon hutu, ke da yara ku shuka da hannunku. To da na girgiza kwalbar, gari na gani a ƙasa, ƙwari sun shiga. Kafin hutun nan sai dai ki tarar da ɓawo.

Na tsince masu lafiya, na shuka wasu, sauran na ware muku, na zuba musu toka, suna cikin gwangwani a kan taga. Kunya ɗaya ta jikin katanga ban taɓa ba, taku ce.

Ki sa yara su riƙa ban ruwa da yamma. In sun tambaya, ki ce musu kuɓewar babansu ce.

Babanki