Don ina tsayawa ba mota ruwa, ana ce mini infoma

Assalamu alaikum jama'ar gidan ga. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni ban yi boko mai nisa ba, yadda abin yake haka zan faɗe shi.

Ni direba ne a Mafara, na haura shekara hamsin. Ina da tsohuwar wagon, mitarta ta daina juyawa tun kafin in saye ta, ba wanda ya san tafiyar da ta yi a duniya. Da ita nike ci da iyalina. Ranakun kasuwa ina lodi zuwa Janbako, wani lokaci Dosara, mutane gaba buhuna baya, har awaki. Rabin jikinta waya ce da walda, amma tana kai ni tana maido ni.

Ciwonta guda, zafi. In an yi mata lodi munka bi hanyar Maradun, akwai wani hawa bayan an ƙetare rafi, da ta gama shi sai ruwan lagireto ya kama tafasa. To nan nike tsayawa gindin wata tsamiya, in ɗaga bonet, ta sha iska, in ƙara mata ruwa daga jarka mu wuce. Shekaru nike haka, fasinjoji har tsiya suke mini wai tsohuwa ta tsaya alwala.

Kun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Direbobi mun yi magana tsakaninmu cewa ba mai tsayawa a daji, ko taya ta fashe ka ja ta hakanan har gari. Kowa ya kiyaye ban da ni, don in ban tsaya ba inji zai ƙone. Watan jiya na tsaya na ba ta ruwa na wuce, motar da ke bayana mutanen daji sunka tare ta, sunka tafi da mutane. Wata kasuwar kuma haka anka sake yi, bayan wucewata kaɗan. Wallahi ban ga kowa ba, ban san kowa ba.

Ɗan Jumma, abokina ne tare muke lodi, shi ya ja ni bayan tasha. Ya ce ana faɗin ɗaga bonet ɗin nan alama ce nike ba mutanen daji, shi ya sa ni ba a taɓa ni. Ya ce maganar ta kai kunnen 'yan sa-kai. Na san abin da anka yi wa wasu da anka liƙa wa sunan infoma, ba a tsaya tambaya ba.

Kasuwar da ta wuce, wani mutumin Janbako da ƙanensa ke hannun mutanen daji ya shigo gidan gaba ya zauna. Ko gaisuwata bai amsa da kyau ba, hannuna kawai yake kallo. Da munka gama hawan allurar zafin inji ta tashi, na ga tsamiya, tsoro ya hana ni taka burki. Na wuce. Munka shiga gari hayaƙi na fita ta ko'ina. Yana sauka ya duƙo ta taga ya ce, "Ashe tana iya wucewa, Malam."

Ba ta iya ba. Gaskit ya ƙone, janyo ta anka yi zuwa garejin Sani bakanike. Sani ya ce zai gyara ta tashi, amma injin ya gaji, in ba wani anka ɗora ba sai ta riƙa neman ruwa wurin nan ko kafin nan. Ni ba ni da halin inji. Ya ce zai rantse gaban kowa cewa ciwon mota ne, to amma wa zai saurari bakanikena?

Yanzu ga inda nike. In na zauna gida anka yi kasuwa lafiya, za a ce ai don ba ni kan hanya ne. In na fita dole in tsaya, in wani abu ya faru na gama yawo. In na sayar da ita sai dai 'yan gwangwan, kuma a ce na ɓatar da shaida. Uwar ɗiyana ta ce mu koma Bakura wurin danginta, ni kuma ina ganin gudu shi ne amsa laifi. Ɗan Jumma ya ce in kai kaina wurin shugaban 'yan sa-kai da Alƙur'ani kafin su zo nemana, amma shi kansa ya ce ba zai raka ni ba.

Abinci ba ya shiga, ko babur ya tsaya ƙofar gida sai in leƙa in ga ko 'yan sa-kai ne. Jama'a mi zan yi? In je wurinsu da ƙafata, ko in kwashe yara mu bar gari? Wanda ya san yadda ake wanke mutum daga sunan ga ya faɗa mini, jibi ne kasuwa.