Teku a Hannun Hagu

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024

Kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya ce ba za a sabunta mini igama, takardar zama, ba. Disamba sai gida. Digiri biyu a fannin tarihi, na ƙare da rubuta lambobin motoci a ƙofar unguwar jakadu. To, madalla.

Hutun kwana huɗu ya rage mini. Zan je Jidda in yi bankwana da Iya, mahaifiyar Baba. Kafin ya rasu ya ce, "In Allah Ya kai ka, ka tsaya a kanta." Shekara ashirin da biyu ina zuwa tsohuwar maƙabarta ina tsayawa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na biya kasuwar Dira, shagon Buraima mai dardumai. Batakare ne, jinin mutanenmu, amma a Kunfuda can bakin teku aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci. Tsautsayi ya sa na ba shi labarin: 1948, Baba yana ɗan shekara goma, jirgin katako ya ɗauko su daga gaɓar Sudan ya sauke su Jidda. Ranar Iya ta cika, aka binne ta, suka taka zuwa Makka.

Ya ce, "An tsare su a karantina? An buga musu takarda?"

Na ce ba su da takarda.

Dariya har da riƙe ciki. "Ya Ustaz, marar takarda wa zai kai shi Jidda? Can kudu masu jirgi ke zubar da su, Lis ko Kunfuda, su ce ga Jidda nan bayan tudu, halas, shi ke nan."

Na ce na karanta littattafai. Ya ce shi kuma a cikin kaburburan irin mutanen nan ya yi wasa.

Litinin, 7 ga Oktoba

Tsohon banza. Ko firamare bai gama ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na tono littafin da na rubuta labarin daga bakin Baba a 1986. Ya ce kwana tara suka yi a hanya. An soke "tara" da jan biro, an sa "biyu". Hannuna ne. A ƙasa: "teku na hannun hagunmu." Shi ma a soke. A gefe na rubuta wai ruɗin tsufa ne.

Mai barin Jidda zuwa Makka baya yake ba teku. Sai mai tahowa daga kudu ne...

Na tuna abin da Baba ya ce da na gyara masa. "To, ku ne masu ilimi."

Litinin, 14 ga Oktoba

Taswira tun safe, har motoci biyu suka shige ban rubuta ba. Kwana tara ya yi wa Lis yawa, ya yi wa Kunfuda kaɗan. Ko da majinyata suke tafe? Ko Baban ma ya manta? To wa nake yi wa sallama a Jidda? Addu'a ba ta ɓatan hanya, na sani, ni ke faɗa wa mutane. Amma cewa ya yi in tsaya a kanta. Hutun kuma ɗaya ne.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na koma wurin Buraima, wai duba darduma. Bai ko ɗago ba. "Ba ka da 'yar'uwa? Mata ke riƙe inda aka binne mutum."

Akwai Yaya Muhibba a Gusau. Shekara shida ban kira ta ba. Rabuwarmu ta ƙarshe, ce mata na yi tatsuniya take mini.

Talata, 22 ga Oktoba

Na kira.

"Nu'umanu? Yau bokon ya ƙare ne?"

Ta ce Baba ya sha ba ta labarin in tana tankaɗe. Rijiya mai ɗanɗanon gishiri, goruba uku a jere, masunta ne suka ara musu abin haƙa kabarin. Sunan gari kuwa ba ta taɓa ji ba. Ta ce kwana goma sha ɗaya suka yi a hanya.

Sha ɗaya kuma! Na rubuta yadda ta faɗa.

Na yanki tikitin Kunfuda. Ba wai na yarda da Buraima ba ne. Goruba uku, bayan shekara saba'in da shida, ni kaina na san hauka ne.

Ta ce in na sauka in kira ta, in riƙa faɗa mata abin da nake gani, ita za ta gaya mini in na iso wurin.

Na ce to, Yaya.