Tsinken Awon Ƙafa

Birnin Kudu

Aminiyata Mairama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da mutanen Kwandiko kaf. Tun da wayarki ta faɗa rijiya kin mayar da ni ƴar firamare, kullum biro a hannu.

Albishirinki, na koyi saƙa! Wata maƙwabciyarmu ce ta koya min, yanzu ko tuwo na ɗora ulu na cinyata. Abu na farko da zan saƙa na kirki safa ce, kuma taki ce. Ki riƙa shafa man kaɗe ki sa, ko ma huta da fason nan naki mai yaga zanin gado. Ki auna ƙafarki da tsinken tsintsiya kamar yadda muke yi in za a sayo mana takalmin Sallah, ki ba maigidanki Malam Yahuza ranar da zai kawo riɗi kasuwa.

Taki har kullum,
Ummussalma

Kwandiko, Gwaram

Ummussalma,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna na amsawa. Fasona bai taɓa yaga zanin kowa ba, sharri dai sana'arki ce. Ga tsinke nan na ba Malam. Ki yi ja, in da hali.

Mairama

Birnin Kudu

Mairama! Mairama!

Sallama a gurguje. Malam Yahuza ya miƙo min tsinke bai kai ɗan yatsana ba. Na tsaya ina juya shi, can sai na gane. Kai, munafuka! Shekara tara muna roƙon Allah tare, shi ne kunya ta hana ki faɗa min da baki, sai da tsinke? Wallahi na yi guɗa har kajina suka watse. Na yi kuka, na yi dariya, miyata ta ƙone ban damu ba.

Kwana uku na yi a kan ƴan safar. Ga su nan jajaye, ƙanana kamar kunnen zomo. Ta hagun ta ɗan fi ta daman, ki yi haƙuri, hannun koyo ne. Allah ya raba lafiya.

Uwar ɗa tun yanzu,
Ummussalma

Birnin Kudu

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan fara ba. Mako biyu shiru, sai yau na tare Malam Yahuza a kasuwa ina masa barka. Ya ce barkar me? Da na matsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai Hajiya, ran nan tsire na ci a tasha, nama ya maƙale min. Na laluba aljihu na ji tsinke, na karya na yi sakace. Ragowar na kawo miki."

Wayyo Mairama! Ashe safar jariri na aika miki, ke da na fi kowa sanin abin da kike haɗiyewa duk ranar sunan wani. Na fama miki ciwo da hannuna, har da guɗa. Ina jin tsoro shirun nan naki fushi ne. Ki jefa su a murhu, ki zage ni son ranki, amma don girman Allah kada ki yanke ni. Ba ni da wata ke.

Mai neman gafara,
Ummussalma

Kwandiko, Gwaram

Ummussalma sarkin azarɓaɓi,

Wa alaikumus salam. Ba fushi na yi ba, kwance nake, ko ƙanshin daddawa ba na so. Ranar da safar ta iso na rufe ɗaki na daɗe ina kallonta, ina cewa wa ya gaya wa matar nan? Don ko Inna ban faɗa wa ba. Shi kansa mai sakacen sai jiya ya ji, har yanzu bakinsa bai rufu ba.

Wata huɗu ke nan. Safa tana ƙarƙashin matashina, ba mai ƙona ta. Ki sayo ulu ki fara hula.

Tawa safar kuwa, ki zo da kanki ki auna. Ba na ƙara ba Malam tsinke.

Taki,
Mairama