Naka Muka Cire, Rashidu

Tawa, Satumba 1999

Zuwa ga ƙanena Rashidu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a can Faransa. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya kare ka daga sanyin ƙasar nan. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau a Affala, gero ya yi kai, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta tana faɗa da masu tumatir.

Dalilin wasiƙar nan shi ne ordinatar ɗin nan, wato kwamfutar da ka aiko wa ɗiyata, 'yarka Shamsiya. Ka san a kanta take buga littafin kammala karatunta, wanda dole ta kai jami'a a Yamai kafin ƙarshen wata. In ta makara, shekara ta sake tafiya, bayan waɗanda yajin aiki ya riga ya cinye mata. Disket ɗinka, faifan nan na maganin birus, wato cutar na'ura, mun sa shi tun ranar farko kamar yadda ka ce. Sai ga Almoustapha, ƙanin maigidana, ya dawo daga Abijan da nasa, ya ce wannan yana kama masu leƙen asirin da ke ɓuya cikin na'ura suna satar abin da mutum ya rubuta. Shamsiya ta so ta ajiye shi gefe, ni na hana. Yaya za a yi dangin miji ya kawo kyauta a jefa ta cikin kwano? Na ce a sa duka biyu, ai tsaro ba ya yin yawa.

To, tun ranar na'ura ta rikice. A kunna ta, naka ya yi kuka ya ce ya kama ɓarawo, na Almoustapha ma ya yi kuka, sai komai ya tsaya cik. Maigida ya ɗora wa kuran, wato wutar lantarki, laifi, Inna ta ce baki ne. Shamsiya ta daina cin abinci, ni kuma hankalina ya tashi ƙwarai, don babi guda ya ƙi buɗuwa sam.

Ita ce dai ta zauna ta gano matsalar. Ta ce kowane ɗaya yana ɗauke da ɗan samfurin cututtuka don ya gane su in sun zo, shi ya sa ɗayan yake ganinsa kamar mai cuta, ya kama shi. Maƙwabciyarmu Tanna ta yi dariya ta ce haka mutanensu na arewa suke yi wa shanu, a yanki ɗan huhun da ya kamu a sa wa lafiyayyiya a hanci, amma ba ta taɓa ganin an yi wa saniya ɗaya sau biyu ba. Shamsiya ta ce dukansu nagari ne, kowanne ya isa aikin gida, sai dai a zaɓi ɗaya.

Na ce a cire naka. Ban yi shawara da kowa ba, kuma ban yi nadama ba. Na'ura ta miƙe, babin ya buɗe ba ko harafi ɗaya da ya ɓace, jiya Shamsiya ta shiga motar Yamai da littafinta a jaka.

Na san halinka, za ka kumbura ka ce naka ya fi tsada, kuma na yarda. Amma da na Almoustapha na cire, da sai na ɗauki goro na tafi har Bambeye ba dangin miji haƙuri, a yi shekara ana maganar. Kai kuwa ni na goya ka, ni na share maka majina. A duniyar nan kai kaɗai nake iya ɓata wa rai in san gobe ma nawa ne.

Ka gaishe da Raƙiya da yara. Inna da ƙanwarmu Lalla suna gaishe ka.

Yayarka,
Mariama