Kafin Ya Zama Gidan Irmgard

Litinin, 4 ga Maris
Kwamitin gari ya ɗora mini rubuta tarihin gidan silimarmu, zai cika shekara ɗari. Wai ni ce jikar mai shi. Na karɓa da rawar jiki.

Alhamis, 7 ga Maris
Ottmar, mai kula da tsofaffin takardun gari, ya fito mini da jerin baƙi. A da, duk mako ana buga sunan wanda ya zo wankan ruwan magani da gidan da ya sauka. Manyan gidajen kan tudu kuwa kowanne sunan matar mai shi yake ɗauka. Namu Gidan Irmgard, sunan kakata. Na bi lambar gidanmu shekara bayan shekara. Har 1938, Gidan Selma ne.

Na ce, "Ottmar, kuskure suka yi."

Ya ce, "Kuskuren shekara ashirin, Waltraud? Haba."

Juma'a, 8 ga Maris
Selma Rothfels. Mijinta Julius ne ya gina gidan da silimar. Yahudawa ne. Kakana Egon ma'aikacinsu ne, mai haska fim. An kore su daga garin a Nuwamban 1938, lokacin da ake farautar Yahudawa, kafin Kirsimeti komai ya koma hannun kakana. Ni da nake cika wa mutane baki da "silimar kakana"!

Lahadi, 10 ga Maris
Muna shan kofi na ce, "Mama, wace ce Selma?"

Ta ajiye cokali. "Ita ta koya mini ɗaure takalmi."

"Ashe kin sani."

"Ni na riƙe wa Baba tsani ranar da ya ɓamɓare haruffan sunanta daga bangon gidan. Shekarata bakwai." Can ta ce, "Ki bari in mutu tukuna, sai ki rubuta."

Na ji haushinta, na ji tausayinta, na rasa wanda ya fi.

Alhamis, 14 ga Maris
Ba zan rubuta ba. Uwa ai uwa ce.

Talata, 19 ga Maris
Na rubuta, don kaina kawai, ba don kwamiti ba. Na bar shi a kan teburin kicin, mantuwa ce, ina jin. Da na dawo daga kasuwa na tarar da Mama da tabarau, takardar a hannunta. Na tsaya da kwando kamar an dasa ni.

Ta ce, "Kin ce 'yar su Selma ɗaya ce. Biyu ne. Ƙaramar Lotte ce, benci ɗaya muke zama a makaranta."

Ta miƙo mini alƙalami. "Sa ta, kafin ki kai musu."