Gayyar da Mama ta kira a gonarka

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa daga Kafanchan cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin naka? Yaya Anti Rifkatu da yara? Mu nan lafiya lau.

Na karanta wa Mama saƙonka, cewa gwamnatin can Turai ta rage kuɗin inshorar lafiyar talakawa, kuma za a cire duk wanda ba ya aiki daga cikinta. Sai ta ce, "Mai ciwon ƙoda irinsa ina ya ga ƙarfin aiki?"

Ranar Asabar sai ta kira gayya. Matan zumunta na cocinmu suka fito da fartanya, suna waƙa, suka nome gonar cittarka ta Fadan Kagoma tas. Na ce, "Mama, Turawa ba ruwansu da wannan." Ta harare ni, ta ce, "Gonar ba tasa ba ce? Rubuta masa ya gaya musu ya yi aiki. Mu nan ba ma tambayar mara lafiya aiki, yi masa muke yi."

To, na rubuta, Yaya. Kada ka daina shan magani. Ka gaida kowa, ka kuma sa Mama a addu'a. Tun ranar gayyar nan bayanta ke ciwo, amma ta hana ni gaya maka.

Ƙanwarka,
Ladi